Jajayen Kibiyoyin Ƙauyen Alu

Malam Garzali ba ya karanta abin da yake bugawa, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya kawo masa aiki. "Ni ido da yatsa gare ni," yake cewa. "Takarda ta shiga ta ido, ta fita ta yatsa. Kaina ba ruwansa." Mutanen unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano sun ɗauki wannan a matsayin riƙon amana. Mai ƙarar maƙwabci, da mai neman aiki a ɓoye, da ɗan kasuwar da ba ya son a san inda yake saro kaya, duk wurinsa suke zuwa, domin sun san maganarsu ba za ta fita ba. Gaskiya ba amana ba ce, ƙyuya ce. Karatu yana gajiyar da shi, bugu kuwa ba ya gajiyar da shi, sai ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi ya mayar da shi abin alfahari.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, lokacin ana noma gero a inda yanzu shaguna suke. Ubansa mai gyaran keke ne. Da ya gama firamare aka sa shi makarantar koyon tafireta, ya fito da hannu mai sauri, ya kafa tebur a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da ofisoshi. A nan ya yi samartakarsa, a nan ya auri matarsa Husaina, a nan furfura ta same shi. Gajere ne, ba jiki, kullum da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya faɗa da kowa. Ba ya kuma shiga maganar da ba a sa shi ba, ko da ta kamata a shiga.

Shekarar da soja suka koma bariki aiki ya buɗe masa. Kowace unguwa ta wayi gari da ƙungiya, kowace ƙungiya da shugaba da sakatare, kowane sakatare yana son takarda mai kan sarki da rahoto mai jadawali. Tafireta ta kasa. Garzali ya sayi kwamfuta ta hannu da firinta mai buga baƙi kawai, ya kama ƙaramin shago ta wajen Titin Gidan Zoo, ya ajiye janareto a bakin ƙofa. Ya kusa hamsin a lokacin, amma ya zauna ya koyi Eksel, wato manhajar nan mai gida-gida da ake zuba lambobi a ciki ta tara su da kanta. Wannan kam ya so shi fiye da komai. Lamba ba ta buƙatar a fahimce ta, in ji shi, a sa ta a gidanta kawai.

Cikin masu kawo masa aiki akwai wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan kasuwar Tarauni da suka haɗu don taimakon yara ƙanana. Sun buɗe wuraren awo uku: ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaya a Unguwar Gano, ɗaya a Ƙauyen Alu. A kowane wuri akwai ɗaki, da sikeli, da mace guda da ke auna yara, tana koya wa iyaye mata dama kunun gero da gyaɗa da waken soya, tana raba musu garin. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Lawan, dillalin siminti da kwanon rufi. Sakatariya kuwa Sista Nkem ce, ma'aikaciyar jinya, Kirista, wadda aka haifa a Kano, Hausarta ta fi ta wasu 'yan kwamitin daɗi. Ita ke zaga wuraren uku ƙarshen wata, ta rubuto lambobi da hannu, ta kawo wa Garzali ya jera su a shafi ɗaya.

Wata rana ta shigo shagon tana dariya, ta zauna a kan benci.

"Malam Garzali, Alhaji ya ƙi takardarka."

"Kuskure na yi?"

"A'a. Cewa ya yi na kawo masa lambobi kamar tururuwa. Ya ce shi a shagonsa kallo ɗaya yake yi ya san siminti ya tashi, kwano ya sauka. Wai mu nuna masa wa ya hau, wa ya sauka, ya huta."

"Shi Alhajin da a ce ya yi karatu, da ba mu sha wahala ba."

"Kai da ka yi, karantawa kake?"

"Ni sana'ata ce ta hana ni, Sista."

Ya ce ta ba shi zuwa jibi. Ya zauna a gaban kwamfuta ya yi ta gwaji har ya samu hanya. A gefen kowace lamba ya ƙara gida ɗaya, ya sa masa doka: a duba lambar wannan wata da ta watan jiya, in ta fi, kibiya ta kalli sama, in ta gaza, ta kalli ƙasa, in daidai suke, ɗan layi a kwance. Da ya canza lamba ya ga kibiya ta juya da kanta, sai da ya kira mai shagon ɗinki na kusa ya zo ya gani. Tunda firintarsa ba ta da launi, ya sayi biro kore da ja. In ya buga takarda, sai ya bi kibiyoyin da hannu: mai kallon sama kore, mai kallon ƙasa ja. Haka ya taɓa gani a shafin kasuwa na jarida. Ba wanda ya ce ya yi. Ƙarin gyara ne daga wurinsa.

Alhaji Lawan ya ji daɗi ƙwarai. A lokacin abin da ake ƙirgawa shi ne matan da suka zo awo da yaran da aka auna, saboda haka kore alheri ne, ja kuma abin dubawa ne. Wata da watanni aka tafi a haka. 'Yan kwamitin, har da masu boko a cikinsu, suka daina kallon rubutun gefe. A miƙa takarda, ido ya tafi wurin launi, a yi addu'a, a tashi.

Wajen ƙarshen shekara ta biyu abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, garin kunu ya daina isa wurare uku, kwamiti ya yanke shawarar rufe ɗaya a taron ƙarshen shekara, wanda aikinsa ya fi rauni. Na biyu, Sista Nkem ta sauya abin da take ƙirgawa. Ta ga yawan zuwa ba ya nuna ko yara suna samun sauƙi, sai ta koma ƙirga masu ciwo: yaran da suka rame, masu gudawa, masu kumburin ƙafa, waɗanda aka tura babban asibiti. Ta yi niyyar tsayawa a taron ta yi bayani da bakinta. Ranar da ta kawo wa Garzali sabuwar takardar, mai lambobin wannan wata da na watan jiya, a ranar aka aiko mata cewa mahaifiyarta ta rasu a garinsu can kudu. Ta ajiye masa takardar a kan tebur, idonta jawur, ta ce ya buga ya kai wa Alhaji da kansa. Ta hau acaɓa zuwa tasha.

Ya buga kamar kullum. Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano suka fito gauraye, kore ya ɗan fi yawa. Layin Ƙauyen Alu kuwa daga sama har ƙasa kibiyoyi suka kalli ƙasa. Ya ɗauki jan biro ya cike su ɗaya bayan ɗaya, a kowane kwafi, yana sauraren rediyo.

Wadda ke riƙe da Ƙauyen Alu ita ce Inna Iyatu, tsohuwar ungozoma, ba ta yi boko ba. Ba ta zaman jiran mata a ɗaki. Gida-gida take bi da sikelinta a cikin buhu, ta zauna a tsakar gida sai ta ga an dama kunun an ba yaro a gabanta. Mazan unguwar suna mata tsiya wai ta fi mai karɓar haraji naci. Abin da ya sa layinta ya yi ja ke nan: yaranta sun daina ciwo.

An yi taron bayan la'asar a falon baƙi na Alhaji Lawan a Tarauni. Garzali ya raba takardu zai juya, Alhaji ya ce ya zauna ya sha lemo, ai shi ma ɗan gida ne. Ya zauna a bakin kujera.

Alhaji ya ɗaga takardar nesa da fuskarsa. "To, ai magana ta ƙare tun ba a fara ba. Ku dubi Ƙauyen Alu. Kamar an yanka kaza a kai."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Tsufa ne ya kama Iyatu." Wani ya ce, "Yawon gidajen mutane ya hana ta zama a ɗakin awo."

"Bari dai mu tambayi mai kibiya, kada a ce mun yi zalunci," in ji Alhaji. Ya miƙo takardar, ya ɗora yatsa a kan layin farko. "Malam Garzali, wannan jan da ya kalli ƙasa, me yake nufi?"

Dole Garzali ya bi yatsan da ido. Yatsan Alhaji kauri gare shi, ya rufe kibiyar, ya bar rubutun gefe a fili. Garzali ya karanta. Yaran da suka rame. Idonsa ya sauka layi na biyu: masu gudawa. Na uku, na huɗu, har ƙasa. Rabonsa da karanta takardar da ya buga tun yana gindin darbejiya, kuma bai sha wahalar ganewa ba. Nan take ya san cewa wurin da ake shirin rufewa shi ne wanda ya fi aiki, kuma koren da ya shafa wa sauran biyun ƙaruwar ciwo ce.

Kowa a falon na jiransa. Jimla ɗaya ta isa. Amma Alhaji ya riga ya yi maganar kaza an yi dariya, kuma rabin aikin shagon daga hannun Alhaji da abokansa yake fitowa. Launin ma ba wanda ya sa shi, shi ya ƙirƙiro. Kuma a falon akwai mutum biyu da suka taɓa ba shi takardun sirrinsu saboda ya rantse ba ya karantawa.

"Raguwa ce, Alhaji," ya ce.

"Kun ji ko? Raguwa." Alhaji ya ninke takardar. Aka shafa fatiha.

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya riƙa gaya wa kansa a hanyar gida. Husaina ta kawo tuwo ya ci loma biyu ya ture. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce lemon Alhaji ne ya cika masa ciki.

Cikin makon aka aika aka ɗauko sikelin Ƙauyen Alu. Mai ɗakin ya ba wani tela haya. Aka ce matan wurin su riƙa zuwa Unguwar Gano. Kaɗan suka je, yawanci ba su je ba.

Bayan haka Inna Iyatu ta zo shagon da ƙafarta. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta ta yi sallama, ta ƙi zama sai da ya matsa mata.

"Malam, an ce kai ne mai takardar. Ban zo rigima ba. So nake in ga abin da aka gani."

Akwai ragowar kwafi a aljihun tebur. Ya ɗauko ya ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ina nawa?"

Ya nuna mata.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi jajayen da farce har ƙasa, ta koma ta dubi koren maƙwabtanta. "Ko ɗaya babu," ta ce. "Ni kuwa ina ganin kamar ina ƙoƙari. Ashe wahalar da mutane kawai nake yi." Ta miƙa masa takardar. "Allah ya yafe mana. Na gode, Malam."

Nan ba Alhaji, ba 'yan kwamiti, ba kowa sai shi da ita da ƙarar janareto. Duk da haka bai faɗa ba. Ya ga in ya faɗa, tambayar da za ta biyo ita ce me ya hana shi magana a taron. Ya raka ta bakin titi, ya tare mata mota, ta ce ƙafarta ta isa.

Sista Nkem ta dawo bayan sabuwar shekara. Ta fara zuwa Ƙauyen Alu ta tarar da keken ɗinki a inda sikeli yake. Daga can shagon Garzali ta nufa. Ba ta zauna a benci ba.

"Wa ya sa ja a nan?"

"Ni ne, Sista. Kamar yadda muka saba."

"Kana wurin taron?"

"Ina nan."

"To, kai ba ka karantawa, na sani. Laifina ne da ban rubuta maka a sama ba."

Ga ƙofa ta buɗe masa, da ya yi shiru da ya fita. Wannan karon bai bi ta ba.

"Na karanta," ya ce. "A gaban Alhaji na karanta."

Ta dube shi. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ɗauki jakarta ta ce ya rufe shago, gidan Alhaji za su.

Alhaji Lawan ya saurare su har ƙarshe, ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba. Amma sikeli ya tafi, ɗaki ya tafi, gari ba ya isa uku, kuma ba zai tara dattawa ya ce musu sun yanke hukunci a kan biro ba. "Sista, a bar shi zuwa baɗi, in Allah ya hore a sake buɗewa." Ya juya wurin Garzali. "Kai kuma da ka gani, bakinka ciwo yake?" Haka suka tashi suka fito. Baɗi ta zo ba a buɗe ba. Watan da ya biyo zuwansu gidan Alhaji, Nkem ta kawo lambobin wurare biyu, Garzali da hannunsa ya goge layin Ƙauyen Alu daga jadawalin. Abin da ya samu yaran wurin daga baya ba wanda ya sani, domin ba wanda ya sake ƙirga su.

Nkem ta je ta yi wa Iyatu bayani. Tsohuwar ta ce ta gode, ta san Sista mai kirki ce. Daga nan Garzali ya tattara ƙarfin halinsa ya je shi ma. Ya same ta a zaure tana tsince wake. Ta bar bin gidaje, ta bar ma karɓar haihuwa. In an aiko sai ta ce a je asibiti, hannunta ya tsufa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito da takardar, ya karanta mata layi-layi da Hausa. Ya ce ciwo ne ya ragu, ba aikinta ba. Ya ce jan nan biro ne, nasa, na kasuwa, shi ya shafa da hannunsa bai duba ba. Ya ce ranar da ta zo shago ya sani ya yi shiru.

Ta saurare shi tana tsintar wakenta.

"Malam, Sista ce ta turo ka?"

"Ni na kawo kaina, Inna."

"To, Allah ya yi albarka. Kun ga tsohuwa ta shiga damuwa kuna lallashinta, na gane. Amma na'ura ba ta san Iyatu ba balle ta ƙi ta. Alhazai kuma ba yara ba ne. Na ga jan da idona. Kuma kai, duk garin nan an san ba ka karanta takarda. Yau kuma ka zo kana karanta mini?"

Ya koma sau da dama bayan haka. Kowane zuwa ta ba shi ruwa, ta tambayi Husaina, in ya ɗauko maganar sai ta ce, "Ka bar wahalar da kanka, ya wuce."

Ya ci gaba da sana'arsa har idonsa ya gaza. Kibiyoyin bai daina sa su ba, domin masu aiki suna so, amma biro kore da ja ya jefar da su. Duk wanda ya kawo lambobi sai ya zaunar da shi ya tambaye shi layi-layi: wannan in ya hau, murna za a yi ko jaje? Sannan ya rubuta amsar da manyan baƙaƙe a saman shafin. Wasu suka ce Malam ya tsufa ya koyi shisshigi, suka kai aikinsu shagunan yara masu sauri. Masu takardun sirri kuwa tuni suka janye, tunda labari ya bazu cewa ashe yana karantawa. Ƙungiyar ta mutu kamar yadda ƙungiyoyin lokacin suka mutu. Nkem ta samu aiki a wani gari, takan aiko da gaisuwa lokacin sallah. Iyatu kuma ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta gidansa can wajen gari, inda Garzali ba shi da ƙafar zuwa.

Shekarunsa na ƙarshe a ƙofar gida ya yi su, a kan tabarma, tabarau a aljihu tunda ba ya masa amfani. Da murya yake gane mutane. In ya ji mace ta ce daga Ƙauyen Alu take, ko mai acaɓa ya ambaci wurin, sai ya sa a tsayar masa da su. Ya tambaya ko sun san Iyatu ungozoma, ko ta taɓa auna ɗansu. Da yawa sun sani. Wata ta ce ai wannan ƙaton da ke riƙe mata kaya, Iyatu ce ta tashe shi da kunu. Husaina tana jinsa daga tsakar gida har ta haddace abin da zai ce, domin bai taɓa canza shi ba.

"Don Allah in kun je inda take, ku faɗa mata masu ciwo ne suka ragu a hannunta. Ku tafi da yaron ta gan shi. Kada ku ce ni na aiko ku, daga bakina ba ta karɓa."